Ranar da Na Yi wa Gawayin Jidda Wanka

Zafi ne ya fara tarbata a Jidda, kafin in ga ko mutum ɗaya da na sani. Ni da na yi shekara goma da ɗoriya ina aiki a ramin gawayin ƙasa can arewa da Agadas, na ɗauka babu zafin da zai ba ni labari. Ashe namu busasshe ne, ya ƙona ka ya bar ka. Na Jidda kuwa jiƙaƙƙe ne, ina fitowa daga filin jirgi ya manne mini, rigata ta yi sharkaf kafin in kai wurin motoci. Can na hango Hamidu, ɗan kawuna kuma taubashina, wanda ya daɗe a garin yana tuƙa tankar ruwa. Yana ta dariya tun ban yi abin dariya ba.

"Mi ke cikin jikkar ga, duwatsu?" in ji shi da ya ɗaga ta.

"Kayan aiki ne," na ce. "Takalman ƙarfe da hular kwano. Ka taɓa ganin ma'aikaci ya tahi wurin aiki hannu rabbana?"

Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce, "Yalla, mu tahi." Da na san Hamidu yadda nake taƙamar na san shi, da shirun nan ya ishe ni gargaɗi.

Bari in faɗi aikina na gida, don a gane inda aka sami tangarɗa. Ni direban katafila ne. Abin da nake kwasa shi ne gawayin ƙasa, wanda mutanen Najeriya ke ce wa kwal, mu kuma a bakin aiki mu ce sharbon. Baƙin dutse ne da ake haƙowa, a ƙona shi a tashar lantarki, a ba garuruwa da mahaƙan arewa wuta. Da wata babbar mahaƙa ta rufe, masu shan wutar suka ragu, ɗan kwangilar da nake wa aiki ya sallame mu. Na zauna gida wata da watanni, matata Rabi tana tuyar fanke tana riƙe mu, ni kuwa na zama gwanin gyaran ƙofar da ba ta lalace ba.

Ana cikin haka Hamidu ya kira ni. "Akwai wani dattijo nan shina neman wanda ya san aikin faham. Na ce mishi ɗan'uwana shekara goma ba abin da yake taɓawa sai shi."

"Mi ake nufi da faham?"

"Gawayi mana. Sharbon."

"Suna da sharbon a Saudiyya? Na ɗauka mai gare su."

"Ko'ina ka duba faham ne. Jirgin ruwa ke kawo shi."

Da na ji jirgin ruwa sai na hango kaina a tashar jirage, tsibi-tsibin gawayi a gabana, ina saman sabuwar katafila mai na'urar sanyi. Unguwarmu kaf ta ji Ilu zai tafi aikin ma'adini a Jidda. Ni da kaina na bi gida-gida na faɗa, ban bar wa kowa wahalar yaɗawa ba.

A hanyarmu daga filin jirgi Hamidu ya bi da ni ta wani fili fetal, tsohuwar unguwarsu da hukuma ta rushe, babu komai sai tarkacen bulo da karnuka. Ya rage gudu ya nuna da haɓa. "Karantina ke nan. Nan ɗakina yake, nan masallacinmu, nan mai shayi." Na duba ban ga komai ba, shi kuwa yana nunawa kamar suna tsaye. Wannan ne karo ɗaya da na ga dariya ta bar fuskarsa a ranar.

Washegari da la'asar na ɗaure takalman ƙarfe, na kifa hular kwano, ya kai ni wani layi kusa da unguwar Ruwais. Ban ji ƙarar inji ba, ban ga ƙura ba. Abin da na ji ƙamshin yaji ne da ƙuli-ƙuli. Muka tsaya ƙofar wani shago a ƙasan bene, wani dogon dattijo mai jan gemu ya fito yana goge hannu. Shi ne Ammi Usman, kafilina, wato wanda ya ɗauko ni kuma zamana a ƙasar ke hannunsa. Haifaffen Jidda ne. Kakansa ya taho hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba, suka gaji sana'ar tsire, wanda a nan ake ce wa siriya.

"Ahlan, ahlan, ya waladi. Kai ne mu'allim faham, gwanin gawayi?" Ya dubi kaina. "Hular fa? Babur ka hawo?"

"Baba, ina wurin aikin yake?"

Ya ja ni ciki, ya nuna mini wani dogon kaskon ƙarfe da ake gasa nama a kai, sannan ya buɗe wani ɗaki cike da buhuna. Na cusa hannu na ɗauko guda. Babu nauyi ko kaɗan, ga zanen jikin itace raɗau.

"Baba, wanga ai gawayin itace ne."

"To da na mene ne zai zama? Na ƙarfe?"

Na yi masa bayanin rami da katafila da tashar lantarki. Yana ji yana lalubo kujera, har ya zauna. Jikarsa Samira, injiniya ce a wani kamfanin da ke kafa faifan hasken rana, takan biyo shagon in ta tashi aiki. Ita ta fara gane abin da ya faru. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Jaddi, faham hajari! Na dutse! Ka kawo mai haƙar ƙasa ya gasa maka nama!"

Na waiwaya neman Hamidu, na same shi a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. "Ni kalma guda na faɗi," in ji shi, "ban ƙara ba ban rage ba. Kai ka ce gawayi kake yi, shi ya ce gawayi yake so."

Ammi Usman bai yi dariya ba. Da ya huce ya faɗa mini halin da yake ciki. Shagonsu na asali a unguwar Hindawiyya yake, rusau ya ci shi. Tsohon mai hura masa wuta ya koma gida a lokacin, tun daga nan wuta ba ta sake daidaita ba, tsoffin masu saye suna cewa ɗanɗano ya canza. Ga kuma mai benen, Abu Faisal, yana zaune a sama da matarsa mai ciwon ƙirji, ya ce ko hayaƙi ya tafi ko shago ya tafi. Samira ta nace a koma gas, dattijo kuma ya ce naman gas ba tsire ba ne.

"Isma' ya Ilu," ya ce. "Daga yau zuwa azumi. In wuta ta gyaru, in yi maka iƙama, takardar zama, ka zauna. In ba ta gyaru ba, gas ya shigo, gas kuwa ba ya son mu'allim. Sai in saya maka tikiti, halas."

Na ce, "Baba, wuta dai wuta ce. Wanda ya ciyar da tashar lantarki, kaskon tsire ba zai gagare shi ba." Da gaske nake, har zuciyata.

A ɗaki na tsare Hamidu. Ya yi ta zillewa, daga baya ya ce, "Na sani mana. Da na bambanta muku, da yanzu kana can zaune Rabi tana ciyar da kai." Na so in shaƙe shi, amma taubashi ne, kuma gaskiya ya faɗa. Na juya masa baya na yi kwanciyata ina jin haushi.

Kwanakin farko na ci wuya. Gawayin ƙasa yana son a tsiba shi, a ba shi iska da ƙarfi, haka na sani. Sai na cika kasko fal na sa fanka a kai. Wuta ta tashi har ta lashe mini gashin hannu, nama ya ƙone a waje, ciki kuma ja wur. Wani mai saye ya gutsura, ya dawo da sauran, ya ce wa dattijo wani abu da Larabci wanda ban ji ba amma na gane.

Sai ranar da ba zan manta ba. Na zo da hantsi na buɗe ɗakin gawayi, ƙura ta turnuƙe ni. Raina ya ɓaci. A raminmu abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ba a barin tsibin gawayi a bushe. Ana fesa masa ruwa, ƙura ta kwanta, kada ta shiga huhun mutane. Na ce a raina, mutanen nan shekara da shekaru suna shaƙar wannan, babu wanda ya gaya musu. Na jawo tiyo, na kwance bakin buhunan ɗaya bayan ɗaya, na ba kowanne ruwa har ya ƙoshi. Na wanke ƙasa tas. Na tsaya ina kallon aikina, ina jiran yabo.

Ammi Usman ya iso, ya ga baƙin ruwa yana gangarowa har titi. Ya bi shi da ido zuwa ɗakin. Ya daɗe a tsaye.

"Ya Ilu. Me ka yi?"

"Na kwantar da ƙura, Baba. Haka ake yi."

"Ka yi wa faham wanka."

"A wurinmu…"

"La hawla wa la ƙuwwata illa billah. Shekara saba'in ina duniya, ban taɓa ganin wanda ya yi wa gawayi wanka ba."

Ranar Alhamis ce, ranar ciniki, ga nama an riga an tsire shi. Dole muka hura abin da muke da shi. Gawayin ya yi ta tsartuwa yana fashewa, wani farin hayaƙi mai kauri ya cika layin. Kafin magariba Abu Faisal ya sauko, ɗan gajere mai tumbi, da jallabiyar shan iska, yana ɗaga hannu sama yana faɗa. Ban ji kalmominsa ba sai guda ɗaya da ya yi ta maimaitawa, dukhan, dukhan, wato hayaƙi. Can sama kuma ina jiyo tarin matarsa ta taga. Tarin nan ya fi faɗan damuna, domin na san irinsa. Abokan aikina da yawa da shi suka bar rami.

Har yau ina nan a kan bakana cewa da gawayin ƙasa ne, abin da na yi daidai ne. Amma ba shi ba ne, kuma a Jidda ko riga ka shanya sai ta yi maka gardama kafin ta bushe.

Wanda ya cece ni wani Bayamane ne, mutumin ƙasar Yaman, mai gidan burodi a maƙwabta. Ba ya jin Hausa, ba na jin Larabci. Ya kama hannuna ya hau da ni rufin gidan burodinsa, inda zafin tanda ke bugowa daga ƙasa, ya nuna mini in baza gawayin a nan. Kullum kuma in na hau juya shi, sai in tarar ya ajiye mini burodi mai zafi da kofin shayi a kan matakala. Har na bar hawa rufin bai taɓa karɓar ko godiya ba, in na fara sai ya kaɗa hannu ya shige.

A kan rufin nan Samira ta same ni wata rana. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai ta riƙa cike giɓi da Larabci.

"Ammi Ilu, ka san faham ɗin da kake haƙowa shi ne mafi sharri? Ya'ni, hayaƙinsa yana hawa sama ya tsaya, ya riƙe zafi kamar bargo. Duniya kullaha tana so ta bar shi."

"Ɗiyata, na ji wanga zance a rediyo tun kina makaranta. Amma ranar da anka haifi Nana tawa, da wutar gawayin nan ungozoma ta ga abin da take yi. Kuma ɗaga kanki ki duba." Na nuna mata benayen da ke kewaye da mu. Kowace taga da na'urar sanyaya ɗaki a maƙale, mukayyif suke ce mata, suna gurnani suna ɗigar da ruwa. "Benen ga guda ya fi unguwarmu duka shan wuta. Da mi ake yin ta? Da ruwan shayi?"

"Da mai da gas. Sahih, ban musa ba. Shi ya sa nake hawa rufin mutane kullum cikin rana ina kafa faifai." Ta gyara mayafi. "Bas, Ammi, zafin da duk muke ƙarawa, mu in ya zo muna da mukayyif. Ku fa?"

Na tuna rijiyar garinmu da ake ƙara wa igiya kusan kowace shekara, da damina da ta koma zuwa a makare, in ta zo kuma ta zo da hauka ta rushe gidaje.

Ta ɗauki gawayi guda ta miƙo mini. "Wannan ma naku ne. A nan an hana sare itace. Daga Afirka ake kawo shi, duba jikin buhun."

Na karɓa, na ƙwanƙwasa shi da wani, ya yi ƙara siririya. Na sansana. Ƙirya ce. Da ita maƙerin garinmu yake aiki muna yara, mu zauna muna ja masa zuga-zugi. Yanzu sai ka yi tafiyar yini a dajinmu ba ka ga ƙirya ɗaya a tsaye ba, ashe ga inda irinta ke ƙarewa, a ƙarƙashin naman mutanen Jidda. Kewar gida ta taso mini. A can ana roƙon mata su bar itace su koma girki da gawayin ƙasa don a ceci daji, a nan kuma an ce gawayin ƙasan ne mugu. Duka biyun na ga gaskiyarsu da idona. Abin da na tabbata kawai shi ne, ko wanne ne, ɓarna ce a ƙona buhu inda rabi zai isa.

Ran nan bayan sallar la'asar na kira Rabi ta bidiyo. Sai da na yi ta kewaye-kewaye, sannan na juya wayar na nuna mata kaskon tsire na faɗa mata komai, har wankan. Ta yi dariya har wayar ta faɗi, na koma kallon rufin ɗakinmu ina jin muryarta.

"Baban Nana! Kai da ko ruwan zahi ba ka taɓa ɗorawa ba a gidan ga!"

"To, in kin gama, ki hwaɗa mini abin yi. In ba haka ba kina da baƙo kahin azumi."

Dariyar ta tsaya. Ta san abin da dawowata ke nufi, ta fi ni sani. Ta ce in matso da wayar kusa da kaskon. Ta daɗe tana dubawa.

"Na farko, gaggawa gare ka. Kada ka ɗora nama sai garwashi ya yi furfura, baƙin nan duk ya rufe da toka. Na biyu, wa ya ce a aza nama bisa kan wuta? Kitse ke ɗiga ciki, shi ke tada hayaƙin nan. Ka manta yadda mai tsiren kasuwarmu ke yi? Tukuba gare shi. Wuta a tsakiya, tsinke a kahe kewaye da ita, kitse ya ɗiga cikin toka."

Na ci tsiren mutumin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa duban yadda yake kafa shi ba, bakina kawai na sani.

Sauran kuma na cike da abin da na sani. Murhun da Rabi ke girki da shi a gida yana da raga a ƙasa, iska na shiga ta gindi, kamar dai yadda na ga ana ba wutar tashar lantarki iska. Wutar da ta sami iska daidai ba ta yin hayaƙi sosai. Na zana wa Samira abin a ƙasa da tsinke: faffaɗan faranti na ƙarfe mai ƙafafu, rami a tsakiya da raga, bulo na jan ƙasa a kewaye, yashi da toka a gefe inda za a kafa tsinke. Ta duba ta ce, "Gawayi kaɗan zai ci?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Yalla, shiga mota." Ita ta kai ni wurin masu walda, ita ta yi ciniki, ta kuma gyara mini faɗin ramin iskar, domin nawa ya yi girma. Na yi gardama, aka gwada, nata ya fi.

Mun yi gwaji a bayan shago ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Tsinke ya faɗi cikin toka, na ɗaga. Wani gefen ya gasu wani bai gasu ba, na koyi juyawa. Hamidu ya zama mai ɗanɗanawa ba tare da an naɗa shi ba, kullum sai ya ce da saura, don a ƙara masa. Da kaina kuma na ce wa Samira ta kawo gas ɗinta a riƙa gasa kaji da shi, gawayi ya tsaya wa tsire kaɗai. Ta dube ni ta ce, "Mai haƙar faham ne ke faɗar haka?" Na ce mai haƙar faham ya san wahalar da ake sha kafin a same shi.

Ammi Usman duk bai leƙo ba. Ya ce shi ya gaji da ganin abin mamaki daga wurina.

Mutanen Jidda suna da wata al'ada a ƙarshen Sha'aban, Sha'abana suke ce mata, dangi da abokai su taru a ci a sha kafin azumi ya kama. Juma'ar ƙarshe dattijo ya gayyato tsoffin maƙwabtansa na Hindawiyya da Karantina, waɗanda rusau ya warwatsa ko'ina cikin gari. Ba sai an faɗa mini ba, na san ranar ce za a yanke mini hukunci. Na kwana da sanin cewa jakata ba ta da wuyar ɗaurewa.

Bayan la'asar na shigo da tukubar na kafa a inda kaskon yake. Na tada garwashi a cikin gwangwani, na jira. Hannuna yana ƙaiƙayin in sa fanka, muryar Rabi tana hana ni. Sai da ya yi fari tas na juye shi a tsakiya, na bi gefe ina kafa tsinke ɗaya bayan ɗaya, suka kewaye wutar suna ɗan sunkuyo mata. Kitse ya fara naso yana gangarowa cikin toka. Ƙamshi ya tashi, hayaƙin kuwa ɗan siriri ne, bai kai rufi ba ya ɓace.

Dattijo ya shigo da baƙinsa, tsofaffi masu sanduna da tasbaha. Yana ganin tukubar ya tsaya cak. Ya zagaya ta a hankali. Wani tsoho a bayansa ya ce, "Usman, wallah irin ta babanka ce." Ammi Usman ya matso kusa da ita. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa ya taɓa tokar gefe, na ga gemunsa yana motsi.

"Ina yaro ni nake kafa masa tsinke," ya ce, ba da kowa yake ba. "Da muka sami kuɗi muka sayi kaskon ƙarfe, muka ce mun ci gaba."

Na cire tsinke ɗaya, na barbaɗa yaji, na miƙa masa da hannu biyu. Ya gutsura, yana tauna a hankali. Ni kuwa na dake, na ci gaba da juya nama kamar wanda aka haifa a bakin tukuba.

Sai ga takun silifa daga matakala. Abu Faisal ne. Ya leƙo yana magana, da alamar damuwa a fuskarsa, ba faɗa ba. Samira ta matso kusa da ni tana fassara mini a hankali, muryarta na rawa don dariyar da take dannewa.

"Yana cewa, lafiya yau ba ku buɗe ba? Matarsa ta ce ya sauko ya duba ko jaddi ba shi da lafiya, don tun la'asar tagarta a buɗe take ba ta ji hayaƙi ba."

Ammi Usman ya matsa gefe ya nuna masa wutar, jajir, da nama kewaye da ita yana ta tsatsa. Abu Faisal ya dubi wutar, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya sake duban wutar. Dattijo ya zare tsinke biyar ya naɗe a takarda ya danƙa masa ya ce a kai wa uwargida. Mutumin ya hau bene yana waiwaye.

Tsofaffin suka ɓarke da hayaniya, kowa na miƙo hannu. Hamidu yana gaya wa duk wanda zai saurara cewa shi ya zaɓo ni, ya san abin da yake yi tun farko. Ammi Usman ya bar su, ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Wa ya koya maka?"

"Matata, Baba. Ta waya."

"Allah ya yi mata albarka. Samira, ranar Lahadi a fara maganar iƙamarsa." Ya juyo gare ni. "Ya Ilu, a wurinku yaya kuke bambanta su? Na dutsen da na itacen?"

"Wanga gawayi, wancan gawayin ƙasa."

Ya gyaɗa kai. "Mu faham kawai muka iya cewa. Da mun tsaya bambantawa, da yanzu kana Agadas, ni kuma na rufe shago."

Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da mu'allim, sai ya nuna tukuba da sandarsa.

"Yalla, juya na gefen can, zai ƙone."

Na juya shi. Hular kwanon tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, a ciki muke ajiye ashana.